Zaki Biyu a Waya Ɗaya

"Na gan ka da idona, waya ce a kunnenka. Kashe injin ka sauko."

"Da wane idon, Saje? Na daman da ke gyangyaɗi, ko na hagun da ke gadin mai tsire?"

"Kurege, ƙanƙantarka ce ta sa nake raga maka."

"Ni ma kakinki ne ya sa nake raga miki, ranki ya daɗe."

To ga ta nan ta iso muku a guje, ko sallama ba ta tsaya yi ba, sai ku gyara mata wurin zama. Masu wannan sa-in-sa su biyu ne, a shatale-talen Gawo da ke tsakiyar garin namun daji, rana ta take. Ɗaya Saje Kura ce, mai kula da titi, da hular kwano a ka da usur a wuya. Ɗayan kuwa Kurege ne, direban wata tsohuwar adaidaita sahu da ya gada wurin kawunsa, wadda sai an tura ta take tashi, in ta tashi kuma sai an roƙe ta take tsayawa.

Abin da ya haɗa su wata doka ce sabuwa fil. Sati biyu kafin nan, Biri yana tuƙa motar itace yana hira da budurwarsa a waya, ya bi ta kan wutsiyar Kada. Ya dawo da baya don ya ga abin da ya taka, ya sake bi ta kai. Zaki, shugaban masu kula da titi, ya ce ya isa haka. Ya sa aka kafa ƙaton turmi a gindin gawon shatale-talen, aka ba Giwa taɓarya, aka yi shela cewa duk direban da aka kama da waya yana tuƙi, babu roƙo, babu ɗan gidan wane ne, wayar za a jefa a turmi Giwa ta kirɓa ta a gaban mai ita. Da ta Biri aka buɗe aiki. Waɗanda suka gani sun ce ta yi laushi har ana iya dama kunu da ita.

Kowa ya shiga taitayinsa ban da Kurege, don shi wayarsa ba ta gaisuwa ba ce, ita ce cokalinsa. 'Yar ƙarama ce mai tocila, an ɗaure bayanta da roba, amma babu gidan da ake biki ko suna a garin nan da lambarsa ba ta ciki. Allah ya ba Kurege ciki mai zurfi da maƙogwaro mai kwaikwayo, in ya ji muryarka sau ɗaya ta zama tasa. Sai ya ɓoye lamba, ya kira gidan da ake shagali da muryar wata babba, ya ce ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, amma ga mai adaidaita nan ta aiko a zuba mata nata. Kafin a ajiye waya ya ja burki a ƙofar gida da fuskar ɗan aike. Aikin kuwa ba ya yiwuwa a tsaye, don gidaje uku suna iya sauke tukunya lokaci guda, wanda ya tsaya gefen titi yana kira, ƙanzo zai tarar. In aka daka wayar nan, an daka wa Kurege karin safe da na rana da tuwon dare gaba ɗaya.

Ran nan ma da muryar Hajiya Jimina yake yi wa gidan Barewa bayanin yadda take son wainarta da miyar taushe, usur ya tashi. Kafin Kura ta tsallako titi, wayar ta bar kunne ta shige kunci. Shi ya sa duk amsar da yake ba ta a dagule take fitowa, kamar ta mai magana da dafaffiyar gyaɗa a baki.

Kura ta laluba aljihu, ta ɗaga kujera, ta leƙa ƙarƙashin hularsa. Babu. Sai ta tsaya ta ƙura wa fuskarsa ido, ta tambaye shi me ya kumbura masa kunci ɓari ɗaya.

Kurege ya langaɓar da kai ya ce hangum ne. Ya ce kwana uku ke nan ko kunu da ƙyar yake wucewa, hannun da ta gani a gefen kunnensa ciwo yake tallafa, kuma ya so ya gargaɗe ta tun daga nesa kada ta matso, amma ina, ta riga ta cusa hancinta a bakinsa.

Daidai nan wani marar tausayi ya kira. Wayar ta hau karkarwa a cikin kunci, zzz, zzz, haskenta yana ratsowa ta fata shuɗi-shuɗi. Kura ta ja da baya taku biyu, ta tambayi mene ne wannan kuma.

"Haka yake yi in ya hango sabon kunci," in ji Kurege. "Nawa ya yi masa kaɗan. Wanda ya kama kuwa, wata guda cur ba ya tauna ƙashi."

Kura ta tuna ƙashin cinyar da ta ajiye a bayan gawo don hutun rana. Ta toshe hanci da hannu ɗaya, ta hau busa usur tana kaɗa masa ɗayan ya wuce, ya wuce, har motar Raƙumi ta tsayar don a ba shi hanya. Kurege ya sha kwana, ya tofo wayar a tafin hannu, ya goge ta da gefen riga, ya ƙarasa gidan Barewa. A inuwar wata tsamiya ya baje da kwanon waina, yana lasar yatsu yana yi wa kansa kirari:

"Kurege ɗan Kurege, murya goma maƙogwaro ɗaya. Titi ya san tayata, tukunya ta san lambata. Giwa ta ci gaba da riƙon taɓarya, hannunta ne zai yi tsami."

Da gari ya waye, labarin hangum ya riga shi fita. Kura ta baza wa abokan aikinta cewa duk wanda ya ga Kurege a titi ya kora shi gida daga nesa, kada ya bari ya buɗe baki. Abin ya tsaya wa Kurege a rai, don ranar ake yinin biki a gidan Bushiya, an ce dambun shinkafa za a yi da zogale da soyayyun zabi. Yana zaune a ƙofar ramin gidansa yana jan gashin baki, sai ya hango maƙwabciyarsa tana shara, ta soke waya a cikin hijabi tana ta zuba, hannuwanta biyu suna aikinsu. Ya yi dariya har ya kwanta. Kafin hantsi, ɗaya hijabin nata ya ɓace daga igiyar shanya. Kurege ya zurma shi har ƙasa, ya shafa toka a gira, ya rataya tabarau mai gilashi ɗaya, ya maƙale waya tsakanin kunne da hijabi, ya tura adaidaita ya ɗare.

Mai tsaron shatale-tale ranar Kofur Gadu ne, mai haure biyu da gajeren haƙuri, wanda ko murmushi sai ran sallah. Ya hango adaidaita tana tahowa, tsohuwa a kan tuƙi, bakinta yana ta motsi alhali ba kowa a baya. Ya ɗaga hannu. Adaidaitar ta wuce shi da taku goma kafin ta yarda ta tsaya.

Ya tako ya tambayi Inna yaushe ta fara tuƙi. Kurege ya ajiye muryar Hajiya Jimina da yake cikinta, ya ɗauko wata mai rawa-rawa, irin ta tsohuwar da haƙora suka yi wa ƙaura. Ya ce tun da jikanta ya kwanta da hangum, in ba ta fito ba wa zai ciyar da su. Da jin hangum Gadu ya ɗan matsa baya, amma bai ba da hanya ba.

"To da wa kike magana, Inna?"

"Da gwiwata, ɗan nan. Shekara saba'in muna tare, yau ta ce ba za ta taka burki ba. In ban yi mata faɗa ba wa zai yi?"

Gadu ya kusa yarda. Sai wata siririyar murya ta fito daga cikin hijabin, don Kurege bai sami sukunin kashe kiran ba. Uwar biki ce take tambaya ko a sa wa Hajiya yaji a gefe. Gadu ya miƙe kunnuwa. Ya ce shi dai ya ji gwiwa tana zancen yaji, kuma daga sama zancen ya fito, ba daga ƙasa ba. Ya ce Inna ta daure ta ɗan ɗaga hijabin ta wajen kunne.

Nan Kurege ya saci kallon turmi, ya ga Giwa tana goge bakin taɓarya da tsumma.  Sai ya tafa hannu, ya ɗaga murya yadda masu shago da masu jiran mota za su ji. Ya ce wato yau Ɗan Gadu ne zai yaye wa tsohuwa lulluɓi a tsakiyar titi. Ita da ta dafa wa uwarsa ruwan wankan jego kwana arba'in ba fashi. Ita da ta goya shi yana jiƙa mata zane. Ita da ta tsamo shi da ludayi ranar da ya faɗa tukunyar kunun kanwa, ban da ita da yanzu babu Kofur, babu kaki, babu haure.

Jama'a suka fara taruwa. Wata Zomanya mai tuyar awara ta ce Kofur ya ji tsoron Allah. Raƙumi ya zuro wuya ta tagar motarsa ya ce yaran yanzu da sun sa kaki shi ke nan sun manta wanda ya share musu majina. Gadu ya rasa inda zai sa haurensa. Bai tuna wata Inna ba, amma wa ke tuna wanda ya goya shi? Ya durƙusa har ƙasa ya roƙi gafara. Inna ta ce ta yafe duniya da lahira, sai dai faɗan ya taso mata da yunwa, ga shi tun safe ba ta karya ba. Gadu da kansa ya ɗauko kwanon ɗan wakensa da dafaffen ƙwai a kai, ya sa mata a baya, ya kuma tura adaidaitar har ta tashi, yana cewa a gaida marar lafiya.

Uwar biki tana kan layi har lokacin. Kurege ya koma Hajiya Jimina, ya ce ta yi haƙuri rediyo ne yara suka ƙure, a sa yajin, a kuma ƙara zabuwa ɗaya.

Da yamma ya jingina da tayar adaidaita, ciki ya yi gaba, ya ce: "Na ci na Bushiya, na ci na hukuma. Gobe in na ga dama, daga gidan Zaki za a zuba mini, har da sannu da zuwa."

Bakinsa ya faɗa, kunnensa ya ji, cikinsa ya ce ai kuwa ba a fasa ba. Don ran nan ne aka raɗa sunan ɗan Zaki, raguna bakwai aka yanka, kuma kowa ya san washegarin suna ake suya a raba gida-gida.

Da gari ya waye, maƙwabciya ta zo ta karɓi hijabinta, ta bar masa shaidar tsintsiya a gadon baya. Kurege bai damu ba, hankalinsa yana kan wata matsala. A gidan Zaki ba a jin maganar kowa sai ta Zaki, muryar Zaki kuwa ta fi ƙarfin maƙogwaronsa. Ya gwada sau uku, tana fitowa kamar tarin ɗan kyanwa. Ya zura kai a randa, ta yi daɗi, amma ba a yawo da randa. Ya gwada gwangwanin madara, ya yi kaɗan. Sai idonsa ya faɗa kan bokitin ƙarfe na wanki. Ya kifa shi a ka, ya shigar da waya ciki, ya ce, "Wane ne a nan?" Ƙadangaru uku suka zubo daga katanga.

Nan take ya ɓoye lamba ya kira Gwaggo Dorina, mai girkin gidan Zaki. Ya ce a cika babban baho da hanta da ƙoda da tsoka zalla, ban da ƙashi, ban da tumbi, baƙi ne na nesa za a kai wa. Mai adaidaita zai zo ta ƙofar baya, kada a tsaya yi masa tambaya, kurma ne. Dorina a durƙushe ta amsa wayar, tana ta "an gama, ranka ya daɗe", har da share gumi. Kurege ya je da fuskar kurma, ya wuce motar Zaki tana ajiye a ƙofar gida ana wanke ta, aka ɗora masa baho da ƙyar, aka ce masa sannu da zuwa da hannu. Ƙamshi ya cika adaidaita har idonsa ya kawo ruwa.

Saura komawa, hanya kuwa ɗaya ce, ta shatale-talen Gawo. Ga shi an hana shi titi, ga shi babu hijabi, ga baho yana tururi, hancin Kura kuma ba ya kuskure. Dole sai Zaki ya sake magana. Wata zuciya ta ce masa ya tsaya a gefe ya yi kiran a natse. Ya ce tsayuwa ta ƙosassu ce, in Dorina ta farga fa, in nama ya huce fa. Ya kifa bokiti a ka, ya ɗan tura shi baya yadda zai riƙa hango kwalta ta ƙarƙashin bakinsa, hannu ɗaya a kan tuƙi, ɗaya a cikin bokiti da waya, ya murɗa wuta.

Abin da bai sani ba, Zaki ba ya gida. Tun da safe ya taka da ƙafa zuwa shatale-tale, don ya yi wa yaransa godiyar zuwa suna, ya kuma ga yadda dokarsa ke tafiya. Kura da Gadu suna tsaye ƙyam a gabansa. Giwa tana gindin gawo ta ba titi baya, tana ƙorafin cewa kwana da kwanaki taɓaryarta ba ta taɓa komai ba, in ba aiki a ba ta gero.

Wayar Kura ta yi ƙara. Ta daburce, Zaki ya ce ta ɗauka, ai ba tuƙi take yi ba. Ta buɗe lasifika don hular kwano ta rufe mata kunnuwa.

"Saje Kura. Zaki ne."

Kura ta ƙame ta sara wa wayar. Sannan ta juya a hankali ta dubi Zakin da ke gabanta, ta ga bakinsa a rufe.

Muryar ta ci gaba da ba da umarni, kowace kalma tana girgiza lasifika. Wata adaidaita tana tafe da saƙon hukuma. A buɗe hanya. Kowa ya juya baya ya sara wa gawo har ta wuce. Wanda ya waiwayo, ko ya ja hanci ya shaƙi wani abu, ya ajiye kakinsa yau. Kafin a gama Gadu ya riga ya juya rabin jikinsa.

Kura ta miƙa wa Zaki wayar da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, kai ne. Ina jin da kai kake son magana."

Zaki ya karɓa. To jiya tun asuba yake amsa barka, ya gaisa da dangi ya gaisa da surukai, muryarsa ta dishe. Ya tambayi wa ke magana, maganar ta fita da ɗan kaushi, rabi ta hanci.

A cikin bokiti Kurege ya ɗaure fuska. Ko kusa bai kawo Zaki a ransa ba, ai da idonsa ya ga motar a gida. Abin da ya zo masa shi ne, wani ya shigo masa sana'a. Wani a shatale-talen nan yana kwaikwayon Zaki, kuma, abin da ya fi yi masa ciwo, bai iya ba.

"Zaki ke magana. Kai wane ne?"

"Ni ne Zaki."

"Kai ne Zaki? Da wannan muryar? Yaro, je ka sha zuma da citta ka dawo. Zaki ba ya magana ta hanci. Wa ya koya maka, Gadu?"

Gadu ya rantse da haurensa shi bai koya wa kowa komai ba. Kura ta sunkuyar da kai, don a zuciyarta ta auna muryoyin biyu, kuma tsakani da Allah ta cikin wayar ta fi kama da oganta.

Zaki ya cika ya yi fam. Ya ce yanzu za a san waye Zaki. Ya ja numfashi ya saki gurnani a bakin wayar. Farkonsa ya yi kyau, tsakiyarsa ta karye, ƙarshensa ya zama tari.

Kurege ya tuntsire da dariya har bokiti yana amsawa. Ya tambaya ko akuya ce ta haɗiyi leda a wajen. Ya ce abin kunya ne a yi wannan da sunan shugaba, da ma barinsa aka yi ya fi. Ya ce gurnani daga ƙirji yake tasowa, ba daga hanci ba, amma tun da yau ranar farin ciki ce zai koyar kyauta.

"Buɗe kunnenka, yaro. Sau ɗaya zan yi."

Gurnani na gaske kuwa yana da sharaɗi biyu: sai bokiti ya sauko har kafaɗa, sai kuma an bubbuga ƙirji. Hannu ɗaya yana riƙe da waya. Kurege ya dubi ɗayan, ya ce adaidaita ai ta san hanya. Ya saki tuƙi, ya jawo bokiti ya rufe fuska ruf, ya daki ƙirji, ya saki.

Jama'a, gurnani ya yi gurnani. Tsuntsaye suka watse daga kan gawo. Mai awara ta kifar da kasko. Zaki da kansa sai da gashin wuyansa ya miƙe. Sai dai wuri biyu sautin ya fito, ta cikin wayar da ke hannun Zaki, da kuma ta kan titi. Kowa ya waiwaya. Ga adaidaita nan tafe a guje tana tangaɗi, babu hannu a kan tuƙi, direbanta bokiti.

Kura ta busa usur ta yi tsalle gefe. Gadu ya shige bayan Zaki. Adaidaita ba ta zagaya shatale-tale ba, ta ce ita miƙewa za ta yi. Ta hau kan dakalin, ta tsallake furanni, ta tafi kai tsaye ta rungumi mazaunan Giwa.

Giwa ba ta motsa ba. Ta dai kaɗa wutsiya ta tambayi wa ke taɓa ta.

Adaidaita kuwa ta naɗe kamar tabarma. Baho ya tashi sama ya juye, aka yi ruwan hanta da ƙoda a tsakiyar gari. Bokiti ya gangaro da abin da ke cikinsa, ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram, bai tsaya ko'ina ba sai a ƙafar Zaki. Zaki ya sa farce ɗaya ya ɗaga shi. Ga Kurege a zaune, goshi ya yi ƙulu kamar ƙwan zabuwa, ido ɗaya a rufe, waya a hannu, kiran bai ko katse ba.

Zaki ya kai wayar Kura bakinsa ya ce, "Sannu da hanya, ranka ya daɗe." Maganar ta fito a tafin hannun Kurege.

Kurege bai rasa ta cewa ba. Ya ce bokitin hular kwano ce, shi mai kiyaye doka ne tun yana yaro. Ya ce wayar ba a kunne take ba, a baki take, a duba shelar da kyau. Ya ce ba shi ke tuƙi ba ma lokacin, kowa ya shaida hannunsa ba ya kai, adaidaitar ce ke tuƙa kanta, in akwai mai laifi ita ce. Zaki ya miƙa hannu. Ya tsinci wata tsoka daga kan hular Gadu, ya sansana, ya gane ragonsa. Ya sa farce biyu ya zare wayar daga hannun Kurege, ya jefa a turmi. Ta ce ƙwal.

Kura ta damƙe shi ta wutsiya don ya kalla da kyau. Nan Kurege ya zazzage duk abin da ke maƙogwaronsa. Ya yi roƙo da muryar jariri. Ya yi da muryar amarya. Da ya ga taɓarya ta tashi sama, sai ya karkace baki ya yi muryar Giwa ita kanta, yana cewa kai, yau bayanta ke ciwo, a bar dakan nan sai jibi. Giwa ta tsaya da taɓarya a sama, ta duba hagu ta duba dama, ta ce ita dai ba ta ji ta faɗi haka ba.

Ta sauke.

A bugun farko tocila ta kunna kanta. A na biyu madannai suka yi tsalle kamar gero a bakin turmi. A na uku babu abin da ya yi ƙara sai turmin. Lambar gidan Barewa, da ta gidan Bushiya, da ta Gwaggo Dorina, da ta duk wata tukunya mai albarka a garin nan, suka zama gari. Kurege bai ji a goshi ba, bai ji a baya ba, a ciki ya ji. Giwa kuwa ta sami aiki bayan dogon zama, ta ƙi tsayawa, har da jefa taɓarya sama tana tafi.

Kowa ya shagala da kallonta, ban da idon Kura na hagu, wanda ya gano wata ƙoda kwance kusa da takalminta. Hannunta ya ɗan sassauta. Kurege ya fizge, ya bar mata rabin gashin wutsiya, ya suri hanta guda a guje, ya bi ta tsakanin ƙafafun Gadu yana ɗingishi, ya faɗa cikin kwalbati inda ko hannun Giwa ba ya shiga.

Zaki ya tako har bakin kwalbatin, ya sunkuya, ya gyara dishasshiyar muryarsa. Ya tambaye shi ko yanzu ya ji a jikinsa, ko gobe ma zai ƙara.

Ba a jin komai daga ciki sai tauna. Can sai muryar Kurege ta fito, tasa ta kansa, 'yar siririya, a cike da hanta.

"Ranka ya daɗe, in wani ya kira ni, a ce masa ina tuƙi."

Zaki ya dubi Kura. Kura ta dubi Giwa. Giwa ta leƙa cikin turmi.